Idan Tsinke Ya Soki Idon Yaro

Uwargida, ɗan ajiye tankaɗen nan ki matso kusa, yau maganar ido za mu yi.

Wata maƙwabciyarmu a Gyadi-Gyadi tana da yaro ɗan shekara 6. Ran nan suna wasa a tsakar gida, ƙanwarsa ta soke shi da tsinken tsintsiya a ido. Ya yi kuka ya yi shiru, ko jini bai fito ba. Maigida ya yi tafiya, sai aka tatsa masa ruwan nono, aka aika kemis aka sayo maganin ɗigawa. Kwana uku ana jiran dawowar uban. Ranar da aka kai shi wurin likita, idon ya riga ya cika da mugunya. An ceto ƙwayar idon, amma gani ya tafi. Abin takaicin, daga gidansu zuwa Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, da ƙafa ma ana zuwa.

To me ya faru? Ƙwayar ido a rufe take ruf. Da zarar tsinke, ko waya, ko ƙusa, ko tsinin fensir ya huda ta, ƙwayoyin cutar da ke jikinsa sun samu ƙofa. Mafi muni su ne na ƙasa da na itace, domin wasunsu cikin kwana ɗaya ko biyu suke lalata ido. Hudar kan yi ƙanƙanta har ki kasa ganinta.

Ki lura da waɗannan alamu: ciwo yana ƙaruwa, ido ya yi ja, fatar ido ta kumbura, yaro yana gudun haske, yana cewa dishi-dishi yake gani, ko kuma wani fari ya kwanta a ƙasan baƙin idon. Amma don Allah kada ki jira su bayyana.

Kada ki murza idon, kada ki zare abin da ya maƙale. Ban da nono, ban da kwalli, ban da ruwan ganye, ban da maganin kemis, don wani yana ƙara wa cutar ƙarfi. Ki yanke gindin kofin roba mai tsabta, ki kifa a kan idon ba tare da dannawa ba, ki ɗaure. Kada ki ba shi abinci, don wataƙila a yi masa aiki. Sai asibiti, a ranar, ko da dare ne.

A can, likita zai ɗinke hudar, kuma an fi so a yi cikin awa 24. Idan cuta ta shiga, ana yin allurar magani a cikin ƙwayar idon kanta. Kada wannan ya tsorata ki, sai an kashe zafin wurin ake yi. Idan ta yi nisa, sai a yi tiyata a kwashe gurɓataccen ruwan da ke ciki.

Gaskiya ɗaya ce, 'yar'uwa: ba kowane ido ke komawa yadda yake ba. Wanda aka kai da wuri yakan samu gani mai amfani. Wanda aka makara, wani haske kaɗai yake iya bambancewa, wani ma sai an cire idon. Bayan sallama kuma, ki riƙe ranakun komawa, domin idon ƙaramin yaro yana kan koyon gani ne.

Mu a Kano mun yi dace. Ga sashen ido na Malam Aminu Kano a nan Tarauni, ga asibitin ido na ECWA da yake aiki tun 1943. Abin da ya rage namu ne. Yau da daddare, idan maigida ya ci tuwo ya natsu, ki ce masa, "Malam, in yaro ya ji ciwo a ido ba ka nan, ka yarje mini in kai shi? Wa zai raka ni?" Ki kuma ware ɗan kuɗin mota daga na adashi. Tun ran gini ran zane.

Allah Ya tsare mana idanun 'ya'yanmu. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.