Abin da Ke Bayan Taurarinmu

Laccar da aka gabatar a Madarumfa gaban malaman makarantu, ɗalibai da dattawan gari

 

Ranar 26 ga Afrilu, 1920, a birnin Washinton na Amurka, masana falaki biyu suka yi muƙabala gaban taron manyan masana. Harlow Shapley ya tsaya a kan cewa duk abin da ake hangowa a sama cikin tarin taurari guda yake, wanda ranarmu take ciki. Heber Curtis ya ce sam, ƙananan gajimaren nan masu murɗewa da madubin hangen nesa ke nunawa, kowannensu tarin taurari ne mai zaman kansa, nisa ne kawai ya ƙanƙantar da shi. Aka watse ba wanda ya kayar da wani. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan, akwai kukokin da suka girmi wannan gardama nesa ba kusa ba.

Mu fara da namu. A damina, daren da ruwa ya wanke sama kuma babu farin wata, wanda ya fita bayan gari ya dubi kudu bayan isha'i zai ga wani farin zane ya taso ya ratsa sama. Littattafan Larabci suna kiransa Majarra. A 1610 Galileo ya ɗora madubinsa a kansa ya ga ashe taurari ne cunkus. Yau an ƙiyasta su tsakanin biliyan 100 da biliyan 400, ƙarfin janyowa ya ɗaure su wuri guda suna kewaya cibiya ɗaya. Irin wannan tari shi ake kira galaksi. Siffar tamu ta faifai ce, ga faɗi, ba kauri, tsakiya ta ɗan yi tozo. Mu kuwa cikin saƙar faifan muke, shi ya sa muke ganinsa ta gefe, zane guda. Haske na tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa nan minti 8 da ɗoriya yake yi, amma sai ya shekara kusan 100,000 kafin ya ƙetare wannan faifai. Duk tauraron da ido ke iya warewa, har Kaza da 'ya'yanta, ɗan cikin gida ne.

Wanda ya fara rubuta labarin wata galaksi da ke waje Musulmi ne, Abdurrahman as-Sufi, a Isfahan ta ƙasar Farisa. A littafinsa na siffofin taurari, wajen shekarar 964, ya ambaci wani ɗan gajimare a bakin babban kifin da Larabawa ke siffantawa a sama. Shi ne ake kira Andromeda yanzu. A 1845 wani basarake a ƙasar Ailan, Lord Rosse, ya ƙera madubi mai faɗin mita 1.8, ya duba wani gajimaren, M51, ya zana shi da hannu, a murɗe. An ga siffa, amma ba a san nisa ba, kuma nisan ne duk gardamar.

Wadda ta samo ma'auni mace ce, Henrietta Leavitt, ma'aikaciya a ɗakin duban taurari na Jami'ar Harvard, aikinta bin hotunan sama da aka ɗauka a kan gilashi tana auna hasken taurari ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasu taurari da ke kumbura su sace, haskensu ya ƙaru ya ragu bisa ƙa'ida, wani cikin kwana uku, wani cikin wata guda. A 1912 ta nuna cewa gwargwadon daɗewar zagayen tauraro, gwargwadon ƙarfin haskensa na ainihi. To ka ga in ka ƙirga kwanakin ka san ainihin haskensa, in ka gwada da ɗan abin da ya iso idonka ka san nisansa. A watan Oktoba na 1923, Edwin Hubble, da madubi mai faɗin mita 2.5 a kan dutsen Wilson a Kalifoniya, ya ɗauki hoton Andromeda. Ya ga wani ɗigo ya yi masa alama a jikin gilashin, yana zaton tauraro ne da ya yi bindiga sau ɗaya. Da ya koma kan tsofaffin hotuna sai ya ga ɗigon na zuwa yana komawa, sai ya soke alamar farko da jan alƙalami. Zagayensa kwana 31. Lissafi ya ba shi kusan shekarar haske 900,000, nisan da ya fi ƙarfin galaksinmu ko a ma'aunin Shapley. Daga baya aka gyara lissafin ya koma miliyan 2 da rabi. Leavitt ta rasu tun 1921, ba ta ga ranar ba. Sunan Hubble aka sa wa madubin da ke sararin sama, kuma a ganina rabin wannan girma nata ne.

Da ƙofa ta buɗe sai Hubble ya shiga rarrabe galaksi iri-iri, a 1926. Nan nake so mu ɗan zauna, don siffar galaksi ba ado ba ce, tarihinta ne.

Ga masu murɗaɗɗun hannuwa, irin tamu da Andromeda da M51. Abin tambaya shi ne, tun da taurarin kusa da cibiya sun fi na waje saurin gama kewaye, me ya hana hannuwan nannaɗewa su shaƙe? Ranarmu tana gama kewaye ɗaya cikin shekara miliyan 230 ko kusa da haka, ta yi wajen 20 tun da aka halicce ta. Da hannuwan jerin taurari ne tabbatattu, da tuni sun cukurkuɗe. Amsar da C. C. Lin da Frank Shu suka kawo a 1964 ita ce, hannu wurin cunkoso ne. Taurari da iskar gas suna shiga, su ɗan yi jinkiri, su fita, cunkoson yana nan. Inda gas ya matsu nan sababbin taurari ke haifuwa. Manyan cikinsu shuɗaye ne, masu tsananin haske da gajeren kwana, suna mutuwa kafin su yi nisa da inda aka haife su. Shi ya sa hannuwan ke fitowa shuɗi a hoto, tsakiya kuwa ta yi ɗorawa-ɗorawa, don tsofaffi ne a can. Kusan biyu cikin uku na wannan iri suna da wata miƙaƙƙiyar sanda ta taurari da ta gitta tsakiya, hannuwan su taso daga bakinta. Tamu ma tana da ita.

Sai dunƙulallu, waɗanda ba hannu ba faifai, wasu mulmul, wasu da ɗan tsawo. Taurarinsu ba sa bin hanya ɗaya, kowa da inda ya nufa. Gas ɗinsu mai sanyi ya ƙare, haihuwa ta tsaya, sai tsofaffin taurari jajaye. Cikinsu ake samun ƙattai, kamar M87 da ke nisan shekarar haske miliyan 55, wadda aka nuna wa duniya hoton baƙin ramin da ke cibiyarta a Afrilun 2019, mai nauyin rana biliyan 6 da rabi. Tsakanin iri biyun akwai masu faifai ba hannuwa. Akwai kuma marasa tsari, da 'yan ƙanana dusu-dusu waɗanda su ne suka fi yawa, ko da yake ba su ake sawa a bangon littafi ba.

Mutane da yawa sun ɗauka jerin Hubble na nufin dunƙulalliya ce ke girma ta fitar da hannuwa. Abin da aka gano ya fi kusa da akasin haka. A 1972 wasu 'yan'uwa biyu, Alar da Juri Toomre, suka gwada a kwamfuta abin da zai faru in galaksi biyu masu faifai suka gifta juna. Sai ga dogayen wutsiyoyi na taurari sun fito, daidai da waɗanda ake gani a wasu hotuna an rasa bayaninsu. Taurarin kansu ba sa karo, don tazarar da ke tsakaninsu ta wuce misali, mafi kusa da ranarmu ma yana nisan shekarar haske fiye da 4. Gas ne ke gwabzawa, ya haifi taurari masu yawa a lokaci guda, ya ƙare. Hanyoyin kewaye su wargaje. Bayan ƙura ta lafa, abin da ya rage dunƙule ne. Dalili ke nan da dunƙulallu suka fi yawa inda galaksi suka yi cincirindo, masu hannuwa kuma suka fi yawa inda ake zaman nesa-nesa. Tamu ma ba kanwar lasa ba ce. A 1994 aka gano wata ƙarama da take yayyagawa tana haɗiyewa a ɗaya gefen cibiya. Andromeda kuma tana matsowa wajenmu da gudun kilomita 110 a daƙiƙa. In haɗuwar za ta yiwu, sai nan da biliyoyin shekaru, don haka kada kowa ya fasa noman bana.

Yawansu fa? A Disamban 1995 aka tsayar da madubin Hubble kwana 10 a kan wani ɗan wuri da ake gani kamar babu komai, aka ƙirga galaksi wajen 3,000. Daga irin wannan ƙirge aka ƙiyasta cewa waɗanda ke cikin iyakar hangenmu sun kai ɗaruruwan biliyoyi. Da yake haske na ɗaukar lokaci, na nesa ana ganinsu ne yadda suke a ƙuruciya, ƙanana, a hargitse. Madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021 ya hango wasu tun sararin samaniya bai cika shekara miliyan 300 ba, alhali yanzu shekarunsa biliyan 13.8.

Wani zai ce wannan duk aikin masu kuɗi ne. Manyan madubai kam sai gwamnatoci, kuma a Afirka ma an fara, ga MeerKAT a Afirka ta Kudu mai kwanukan rediyo 64, ga na Kuntunse a Gana. Amma duban taurari ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina da Maraɗi. Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna har Masar a kan hisabi da ilimin taurari. Har gobe akwai malaman zaure da ke ƙirga manzilolin wata 28 suna faɗa wa manomi lokacin shuka. Kuma muna da abin da mutanen Paris da Legas suka rasa, wato duhun dare.

Su malaman hisabi, hanyar Andromeda tana hannunsu. Manziloli biyu na kusa da ƙarshe, Fargul Muƙaddam da Fargul Mu'akhkhar, su ne taurari huɗun nan masu kusurwa huɗu da ke tsayawa bisa kai a daren kaka. Manzili na ƙarshe, Baɗnul Hut, tauraro ne ja-ja a arewa maso gabas da su. A tsakiyar Nuwamba, tsakanin ƙarfe 9 da 10 na dare, ranar da ba wata, a kashe fitila da waya, a jira minti 20 ido ya saba. Daga Baɗnul Hut a bi arewa maso yamma, za a ga ƙaramin tauraro, sannan wani da ya fi shi dushewa. Gefen na biyun akwai ɗan fari mai tsawo. Duka tazarar ba ta kai faɗin dunƙulen hannu ba in an miƙa shi. In an kalle shi kai tsaye yakan ɓace, sai a ɗan kawar da ido gefe. Baɗnul Hut nisansa shekarar haske 200 ne kacal, farin da ke kusa da shi kuwa miliyan 2 da rabi, kuma cibiyarsa kaɗai ido ke kamawa, don ainihin faɗinsa a sama ya ninka na wata sau shida.

Akwai galaksi ta biyu, amma sai mai naci. Madarumfa tana kan daraja 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka Babban Gajimaren Majelan, ƙaramar galaksi da ke maƙwabtaka da tamu a nisan shekarar haske 160,000, yana leƙowa a kudu sosai, daraja 7 kacal bisa doron ƙasa, a dararen Disamba da Janairu. Matsalar ita ce lokacin hunturu ne, hazo ya fi kauri daidai wurin. Wanda zai gwada, ya tsaya a arewacin tafkin Madarumfa inda ruwa ya buɗe masa kudu, ya zaɓi daren da iska ta kwanta kwana biyu ko uku, kuma in makarantarsa tana da tabaron hangen nesa ko ɗan ƙarami ne, ya aro.