Filin Bayan Kasuwa: Bishiya Za Mu Dasa, Ba Lambu Ba

Jawabin da wani ɗan kasuwa, ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, ya gabatar a taron wata-wata



An ba ni dama in yi magana a kan filin nan na bayan kasuwa, inda 'yan gwangwan suka shekara da shekaru suna fasa tsohon batirin mota. Wasu sun ce a bai wa matasa su yi lambun alayyahu da latas. Wasu sun ce a share shi yara su riƙa ƙwallo. Ni dai ban goyi bayan ko ɗaya ba.

Abin da ke cikin batiri dalma ce. Idan an fasa shi, ƙurarta da ruwan batirin a ƙasa suke zama. Ita kuwa dalma ba ta ruɓewa kamar shara, ko an shekara hamsin tana nan. Babba yana iya ɗaukarta ya yi ta yawo bai sani ba, amma yaro ƙarami da ke rarrafe yana kai hannu baki, ƙwaƙwalwarsa take taɓawa. Kowa a nan ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Kada kuma mu ce abin Arewa ne. A 2025 jaridar New York Times ta ba da labarin Ogijo, nan jihar Ogun, inda ake narka tsofaffin batura, aka gwada jinin mutanen garin aka sami dalma.

To, ina bishiya ta shigo? Da farko dai bishiya shaida ce, kuma ba ta karɓar cin hanci. Ɓawonta yana riƙe ƙurar da iska ta kawo, saiwarta kuma tana jan abin da ke ƙasa. Tun a 1980 masu bincike na Jami'ar Ibadan suka auna dalma a ɓawon bishiyoyi don gane yadda iskar gari ta gurɓata, lokacin ana zuba dalma a fetur. A Ostireliya ma, a 2013, an sami ɓurɓushin zinariya a ganyen bishiyar turare da ta tsiro a kan ma'adinin. Ashe ke nan idan aka ɗebi ganye da ɓawo da ƙasa aka kai ɗakin gwaji na jami'a, za a faɗa mana abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu, a kuma sake aunawa bayan 'yan shekaru a ga ko ya ragu.

Sai maganar tsotse gubar. A nan ne nake so mu natsu, don na ji wani yana cewa da an dasa bishiya shi ke nan an wanke ƙasa. Ba haka ba ne, jama'a. Ƙarfe iri-iri ne. Akwai irin su tutiya da wani da ake kira kadmiyom, waɗanda ke hawa jikin bishiya har ganye. A Beljiyam, a filayen da masana'antun narka tutiya suka lalata, an gwada dasa wasu itatuwan ƙasar sanyi masu saurin girma, ana sarewa ana kwashewa suna sake toho. Yana aiki, amma lissafin na shekaru gommai ne. Ita kuwa dalma, wadda ita ce matsalarmu, malalaciya ce. Yawancinta a saiwa take maƙalewa, kaɗan ke hawa. Shi ya sa a Bagega a 2013 ba a tsaya jiran bishiya ba, kankare saman ƙasar aka yi, aka binne a rami, aka zuba sabuwa.

Amfanin bishiya a filinmu shi ne ta ɗaure gubar wuri ɗaya. Saiwa ta riƙe ƙasa kada ruwan damina ya kwashe ta zuwa kwata da rijiyoyinmu. Ciyawa ta rufe sama, iskar hunturu ta rasa ƙurar da za ta kai mana ɗaka ko kan tiren mai tsire. Garin Sadbari na ƙasar Kanada, inda hayaƙin narka ƙarfe ya ƙone tsaunuka ƙurmus, tun 1978 suke watsa garin farar ƙasa suna shuka ciyawa da itatuwa, yau sun haura miliyan 10. Ƙarfen bai ɓace ba, amma ya zauna.

Wace bishiya? Ban da mangwaro, ban da gwaiba, ban da zogale, ban da duk abin da ake kai wa baki. Ko darbejiya ma ina jin tsoronta, don na san halinmu: da zazzaɓi ya kama yaro sai a tsinko a dafa, wani ya karya asuwaki, mai magani ya zo da gatari neman sassaƙe. Na fi son turare, tun da ko akuya ba ta cika kula ta ba. Kuma kada a yi girki ko gashin nama da itacen wurin, don wuta ba ta cinye ƙarfe, a toka da hayaƙi yake komawa.

Ban ce a kori 'yan gwangwan ba, 'ya'yanmu ne, abincinsu suke nema. Amma fasa batiri a tsakiyar unguwa ya isa haka, a sayar da shi a rufe yadda aka saye shi.

Abin da nake roƙo, mai girma shugaba: a fitar da kuɗi daga asusu a kai ƙasar gwaji kafin damina. Idan an ce gubar ta yi yawa, mu rubuta wa hukumar muhalli ta jiha da NESREA su zo su kwashe. Kafin nan a kewaye filin da waya, iyaye mata kuma na gidajen da ke maƙwabtaka da shi su kai ƙananan yara asibiti a nemi gwajin dalma a jini. Ni na ɗauki nauyin dashe 50 da kuɗin mai ban ruwa na rani ɗaya.