Ya Yi Wa Turawa Yaƙi A Bama, Ya Yi Musu Dako A Teku: Darasi Ga Matasa

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar a wani zaure da ke Yakasai, cikin birnin Kano, wajen zaman addu'a da tunawa da wani dattijo, tsohon sojan Bama kuma ma'aikacin jirgin ruwa, wanda ya daɗe da rasuwa.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da cewa samarin unguwa sun san marigayin ne a matsayin tsoho mai sanda da ba ya rasa sahun farko, alhali rayuwarsa makaranta ce guda.

Ya ce marigayin yana saurayi aka ɗauke shi soja, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da Ingila ta matsu a Yaƙin Duniya na Biyu. Aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan sai jirgin ruwa zuwa Indiya. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tafi a 1943, ta 82 ta bi bayanta a 1944, aka jefa su dajin Arakan na ƙasar Bama su kara da sojan Japan. Daji ne da mota ba ta shiga, saboda haka da yawansu a ka suka yi dakon harsashi da abinci, ga ruwan sama, ga zazzaɓi. A Janairun 1945 suka kama garin Myohaung. Sunayen barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna duk daga can aka samo su.

Malam ya tambayi 'yan'uwa: me ya haɗa ɗan Yakasai da mutumin Japan? Gonarsa ya ci ko masallacinsa ya rushe? Bature ne ke kare abin da ya ƙwace, sai ya kare shi da jinin waɗanda ya mallake. Da aka gama yaƙi a 1945, kuɗin sallamar baƙin soja bai kai rabin na farar fata mai irin muƙaminsa ba.

Ya ci gaba da cewa da marigayin ya dawo bai tarar da aikin da aka yi ta yi musu romon baka a kansa ba, sai ya gangara Apapa ya shiga aikin jiragen kamfanin Elder Dempster. A nan ya ga inda dalar gyaɗar Kano ke ƙarewa. Talaka ya noma, an saye da arha, ɗan talaka kuma ya raka ta Libaful a ƙasan jirgi cikin zafin inji. Wulaƙancin ya kai ga a 1959 ma'aikata 'yan Nijeriya na jirgin Apapa suka yi yajin aiki a Libaful saboda wariyar launin fata. A shekarar ce aka kafa kamfanin jiragen ruwa na Nijeriya, har aka sa wa wani jirgi suna Ɗan Fodiyo. To amma suna kawai aka ara, ba a ari adalcin Shehu ba. Bashi da almundahana suka cinye kamfanin, aka rushe shi a 1995, ma'aikata suka shiga bin haƙƙinsu shekara da shekaru.

Daga nan Malam ya juya kan abin da ya kira ribar marigayin. Ya ce a daji da teku bai yar da salla ba. Jirgi na juyawa, shi yana duban rana da taurari don ya gane alƙibla. Abokan aiki na sauka tasha su nufi gidan giya, shi yana neman inda Musulmi suke. Yakan ba da labarin Musulmin da ya tarar a ƙauyukan Arakan, ba ya jin harshensu, amma sallama ta haɗa su. Malam ya ce jikokin irin waɗannan mutane ne Rohingya, waɗanda sojan Bama suka kori sama da 700,000 daga cikinsu zuwa Bangaladesh a 2017.

Ya ja hankalin matasa da cewa ya zo a hadisi za a tambayi bawa ranar ƙiyama game da ƙuruciyarsa, a me ya ƙarar da ita. Marigayin yana da uzuri, domin an ɗauke shi ba karatu, ba mai wayar masa da kai. Wanda ya je sakandare ya je Islamiyya, sannan ya yarda ɗan siyasa ya ba shi ƙwaya da gora ya sari ɗan'uwansa, wane uzuri zai kawo? Kowane saurayi ya tambayi kansa wa yake wa aiki da ƙarfinsa kafin ƙarfin ya ƙare.

A ƙarshe ya nemi 'yan'uwa da su riƙa ziyartar iyalan irin waɗannan dattawa a unguwanninsu, su taimaka da abin da ya sawwaƙa. Aka rufe da addu'ar Allah Ya gafarta wa marigayin, Ya sa mu cika da imani.