Agogon Aljihun Kaka

Tun da layin dogo daga Kano ya ratsa Malam Madori ya kai Nguru a 1930, agogon aljihu ya zama abin ado ga ma'aikatan tasha da fataken gyaɗa. Har yau akwai gidajen da za ka tarar da shi a ƙasan adaka, an naɗe shi cikin tsumma.

In ka gaji irinsa, kada ka yi saurin yi masa wani. Man da ke cikinsa ya daɗe da bushewa, kuma ƙurar hunturu ta shige shi; kana murɗawa, ƙarafunan sai su ci juna. Fara buɗe marfin baya. Tambarin zaki mai tafiya shaida ce ta azurfar Ingila. Lamba 800 ko 935 kuwa an fi ganinta a kan na Suwizalan. Sai ka duba injin: in an rubuta duwatsu 15 ko 17, aiki ne mai kyau. Amma babban abokin gaba a ƙasar fadama shi ne danshin damina. Tsatsa kaɗan a kan siririyar wayar nan da ke bugawa kamar zuciya ta isa ta sa agogo ya riƙa yi maka ƙaryar lokaci.

In kuma saye za ka yi, dillali zai nuna maka ƙyalli da sarƙa. Ni dai na fi yarda da mai gyara wanda zai ajiye shi kwana guda, ya gwada shi a kwance da a tsaye, sannan ya faɗi kuɗinsa.