Gansakuka da Tsamin Ruwa a Tankin Kifi na Gida



Duk wanda ya san madatsar ruwa ta Guzuguzu a ƙasar Kabo ya san gansakuka. Ita ce kuma abokiyar gabar mutumin Gwarzo da ya kafa tanki a tsakar gida yana kiwon tarwaɗa, ruwan kifin yana zagayawa yana ciyar da latas ko alayyafo.

Ga yadda ɓarnar take. Da rana gansakuka tana zuƙe iskar kabon da ke cikin ruwa, sai tsami ya ragu, ma'aunin pH ya haura, wani lokaci har ya wuce 9 da la'asar. A nan ne amoniyar da kifi ke fitarwa take zama dafi, ganye kuma ya kasa jan sinadarin ƙarfe, ya koma ruwan ɗorawa. Da dare kuwa sai ta juya tana cin iskar da kifi ke shaƙa. Shi ya sa asarar takan auku da asuba, mai gida yana barci.

A ganina, sayen magani ɓata kuɗi ne. Gansakuka haske take so da ragowar abinci. A rufe tankin da zana, a rage abincin kifi. A auna ruwa da asuba da kuma la'asar, domin awo ɗaya yaudara ne. Abin nema shi ne tsakanin 6.8 da 7. In ya faɗi ƙasa, a sa dakakken ɓawon ƙwai kaɗan-kaɗan, gama canjin gaggawa yana kashe kifi.