Dokar Tilasta Karatu Da Yaron Da Ba Ya Iya Gudu

'Yan uwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. Uban da ya ƙi kai ɗansa, karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. To amma kafin dokar nan ta ambaci uba, gwamnati ta fara ɗora wa nauyi.

Ku dubi ƙauyukan Batsari da Safana da ke bakin dajin Rugu. A Fabrairun 2020 'yan bindiga suka afka wa Tsauwa da Dankar, aka kashe mutane, saura suka watse. Yaron da ya yi watanni yana gudun hijira, wa za a ci tara saboda fashinsa?

Mai ƙafa ke nan. Ina ga gurgu da makaho da kurma? Dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta ba su karatu kyauta har sakandare. Haƙƙinsu ne, ba sadaka ba. Mu bi gida-gida mu rubuta sunayensu, mu kai wa hukumar ilimi, mu tsaya sai an ba su.