Sunan aro: jawabi ga ƴan kasuwar Magarya da Dungas



Duk wanda ya kafa allon wani kamfani bisa ƙofar shagonsa ko gidan mansa, ya sani sunan nan aro ne. Ran da yarjejeniya ta ƙare, aro ya ƙare: a sauke allo, a sake fenti, a ajiye hatimi da rasit masu ɗauke da tambarin. Sirrin sana'ar da aka koya masa kuma ya riƙe shi yadda takarda ta shimfiɗa.

Kun gani da idonku. A 2019 kamfanin Orange ya sayar da hannun jarinsa na Nijar ga Zamani Com. Sababbin masu shi sun riƙe sunan na ɗan lokaci bisa shiri, sannan suka koma Zamani Telecom. In masu miliyoyi sun sauke allo, ina ga mai rumfa a kasuwar Magarya?

Dokar da ke tsare tambari ita ce yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda hukumar OAPI ke kula da ita daga Yawunde. Rajista na ɗaukar shekara 10, ana sabunta ta, kuma mai tambari na iya neman kotu ta sa a kama kaya. Masu cin kasuwar Maigatari daga Dungas su lura: Najeriya ba ta cikin OAPI, izinin da aka ba ku can ba lalle ne ya ƙetaro iyaka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan da suka rage a sito. Takardun nan da Faransanci ake rubuta su, mu kuwa mukan sa hannu da gaggawa. A sa a fassara muku, ku tambaya: wata nawa za a ba ni in sayar da ragowar, ko kamfani zai karɓe su, kuma a kan nawa?